Farin Yadin Malam Sanda

"Ka ji Bazazzage da taurin kai," in ji Alhaji Maliki, yana jawo wani ƙunshin kwali daga ƙarƙashin kanta. "Duk malaman zanen garin nan kwali suke saye. Kwali da fentin ruwa. Yaro ya shafa, iska ta busar, a manna a bango, iyaye su tafa. Kai kaɗai ne sai yadi."

"Kwali yana shan laima," in ji Malam Sanda. "Damina ce. Kafin ranar taron yaye ɗalibai ya kumbura ya nannaɗe."

"To siririn katako fa?"

"Fenti ba ya tsayawa a kansa a hannun yaro. Sai ya zubo."

"Ƙwarya? Ai ku mutanen Zazzau da ita kuka gaji shan koko."

"Sai an kankare bayanta. Kuma rabi za su fashe kafin su kai gida."

Maliki ya mayar da kwalin inda ya ɗauko shi. Shagonsa na cikin babbar kasuwar Kaduna, a layin masu kayan makaranta, kuma tun gashinsu yana baƙi suke wannan ja-in-ja da Malam Sanda. Shi Bakano ne, ba ya ganin Bazazzage ya ƙyale shi. Ya jira ramuwa, don a da Malam Sanda ba ya barin bashin magana, sai ya ce Bakano ko a makabarta sai ya tambayi farashi. Yau kuwa Malam Sanda duban jerin gwangwanayen fenti kawai yake yi.

"Wai ma, ba kwanan baya ka ɗauki bandir guda ba?" in ji Maliki. "Ina ka kai shi?"

"An yi amfani da shi."

Maliki ya buɗe baki zai ƙara wata, sai ya tuna gaisuwar mutuwar da ya je gidan Malam Sanda a Unguwar Sarki. Ya rufe bakin. Ya hau benci ya sauko da farin yadi, ya auna, ya yanke, ya haɗa da ƙullin galura ja da shuɗiya da ruwan ɗorawa.

"Allah ya jiƙan Mero," ya ce a hankali, yana miƙa masa leda.

"Amin."

Abin da ya faru da bandir ɗin farko kuwa, ga shi. Malam Sanda ya saye shi don aikin yaran makaranta, ya kai gida, matarsa Mero ta shirya shi ta ninke ta ajiye a kan akwati. Kwana kaɗan bayan haka ta faɗi a tsakar gida tana shara, kafin a samo mai Keke Napep rai ya yi halinsa. Da mata masu wanka suka ce a kawo likkafani, babu wanda ya yi tunanin kasuwa, tunda ga farin yadi nan a ɗaki, tsaf, a goge. Da shi aka yi mata sutura. Malam Sanda ya gane yadin lokacin da aka fito da makara, amma bai ce komai ba. Daga ranar kuma bai cika cewa komai ba. Yana cin abinci idan an ba shi, yana amsa gaisuwa, yana zuwa masallaci ya dawo, amma duk abin da ake yi sai ya ji kamar a gidan maƙwabta ake yin sa.

A Unguwar Sarki aka haife shi, a gidan da har yau yake ciki. Mahaifinsa daga Zariya ya zo, yana rubutun allunan shaguna da bayan manyan motoci. A wurinsa Sanda ya koyi riƙe burushi, da yadda ake duba abu kafin a shafa masa launi: a taɓa shi, a ga ko yana sha ko yana tofarwa, ko yana da maiƙo, ko yana da ƙura. Tsohon yakan ce fenti bawa ne, abin da aka shafa shi a kai shi ne ubangida.

Da ya gama sakandare sai ya sami aiki a wata masaƙa a ƙetaren gada, a sashen masu zana furen atamfa. Kullum da safe ya hau keke ya tsallaka kogi. Yana zaune a gaban babban tebur mai fitila, yana zana ganye da tsuntsu da zobe a takarda, daga nan wasu su ɗauka su kai wa injin. Watanni bayan haka sai ya ga zanensa a jikin wata mata a tashar mota, ko an goya jariri da shi. Ba ya gaya wa kowa. Mero kaɗai ta sani, kuma idan suna tafe tare ta hango, sai ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, "Ga ɗiyarka can za ta kasuwa."

Da masaƙun Kaduna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, tasu ma ta bi sahu. Ya koma rubutun alluna, sai kuma injin buga hoto ya zo ya kashe wannan kasuwar. Ya ɗan taɓa sayar da kayan miya, bai iya ba. Ana cikin haka Hajiya Hasiya, wata tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati da ke zaune a Unguwar Rimi, ta buɗe makaranta a Rigasa bayan ta yi ritaya. Wani ya kai mata labarinsa, ta kira shi ta ba shi darasin zane, ta kuma ba shi ɗaki guda a ƙarshen baranda, mai tagogi biyu da famfo a bakin ƙofa.

Wannan ɗaki shi ne masaƙarsa ta biyu. A ciki ya koya wa yaran Rigasa cewa gawayi yana son takarda mai kaushi, irin ta buhun siminti idan an kakkaɓe ta, alli kuma yana son baƙin allo, jar ƙasa da ƙaro suna kama kwali a lokacin rani. Amma babban aikin shekara shi ne na 'yan ajin ƙarshe: buga zane a farin yadi. Yakan sassaƙa musu tambari da dankali da rogo, su tsoma a galura mai kauri, su danna a jere, a shanya, a ɗauraye, kowa ya tafi da nasa gida bayan taron yaye ɗalibai. Akwai gidaje a Rigasa da har yau labulen ƙofarsu daga ɗakin nan ya fito.

A farkon wannan zangon Hajiya Hasiya ta kira shi ofis. Ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Malam Sanda, iyaye sun dame ni da maganar kwamfuta. Makarantar da ke bayanmu ta sa, yara suna komawa can. Ɗaki ɗaya ne nake da shi da zan iya sakawa, naka ne."

"Haka ne, Hajiya."

"Ban yanke ba tukuna. Ranar yaye ɗalibai ka shanya aikin yaranka inda kowa zai gani. In iyaye suka tsaya a kansa, suka nuna suna so, zan san abin da zan ce musu, in nemi wata dabara. In suka wuce, ka san sauran."

A lokacin Mero tana da rai. Da ya ba ta labari ta ce ya kwantar da hankalinsa, bana sai sun yi wanda ba a taɓa yi ba. Shi ya sa ya sayi bandir guda, maimakon 'yan yadudduka da ya saba.

Da ya dawo daga wurin Maliki ran nan, ya shiga falo ya zare sabon yadin daga leda ya ɗora a kan kujerar da ke kusa da ƙofar ɗaki. Nan yake ajiyewa tun shekarar da ya fara koyarwa. Ya yi alwala ya fita masallaci. Da safe ya tarar da yadin a ninke, a goge, an sa shi a leda an jingine a bakin ƙofa, daidai inda yake samunsa kowace shekara. Ya ɗauka ya fita neman motar Rigasa.

Yaran sun yi murna da dawowarsa. Suka yi masa gaisuwa a tare, irin wadda aka koya musu, ya amsa. Ya shimfiɗa yadin a dogon tebur ya yayyanka, kowa ya sami nasa. Hannunsa ya ji yadin yana da ɗan tauri, yana ƙara idan an motsa shi. Ya ji, amma jin bai wuce yatsunsa ba. Ya zauna a bakin taga ya sassaƙa dankali, ya dama galura, ya nuna musu yadda za su auna tazara da faɗin hannu.

Aikin ya yi kyau, wannan kam ba a musu. Wata yarinya mai suna Sadiya ta jera ganyen zogale shuɗi, tsakanin kowane biyu ta ɗiga ja. Wasu suka yi taurari, wasu kifi, wani ya dage sai ya yi jirgin ƙasa irin wanda yake gani a tashar unguwarsu, ya fito kamar jerin burodi. Malam Sanda yana zagayawa yana gyara musu riƙo. Idan aka ce, "Malam, duba nawa," sai ya duba ya ce, "Ya yi." Aka ɗaura igiya daga taga zuwa taga aka shanya a cikin ɗaki saboda ruwan sama. Hajiya ta leƙo ta ga launuka sun cika ɗakin, ta gyaɗa kai ta wuce.

Galura sai an ɗauraye ta, in ba haka ba duk wanda ya taɓa sai ta ɓata masa hannu da riga. Saboda laima yadin ya daɗe bai bushe ba, sai ana jibi taro aka samu yin ɗaurayar. Aka fito da bahuna bakin famfo, yara suka naɗe hannun riga. Sadiya ce ta fara tsoma nata.

Ruwan ya yi shuɗi, wannan an saba. Amma sai ya yi kauri, ya yi yauƙi kamar an dama koko a ciki. Ta ɗago yadin. Ganyen zogalen yana zamewa yana bin ruwa, jan ya narke ya shiga cikin shuɗin.

"Malam," ta ce, "nawa yana tafiya."

Kafin ya iso wasu sun riga sun tsoma nasu. Ya sa hannu a baho ya murza ruwan tsakanin yatsu biyu. Sitati ne. Sabon yadi daga kamfani da sitati yake zuwa, kuma in ba a jiƙa shi an wanke an fitar ba, launi a kan sitatin yake zama, ba ya kaiwa ga zare. Ruwa na taɓa shi su tafi tare. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurin Malam Sanda, shi da bakinsa yake faɗa wa yara kowace shekara. Sai dai hannunsa bai taɓa yi ba. A masaƙa wani sashe ne yake wankewa kafin yadi ya kai ga masu bugu. A gida kuma, ajiyewa yake yi a kan kujera.

Ya tsaya da hannu a cikin ruwan. Yaran suka yi cirko-cirko suna dubansa, suna jiran ya yi faɗa ko ya ce wani ne ya yi kuskure.

"Ku ɗauraye sauran," ya ce.

"Malam, su ma za su tafi."

"In ba a ɗauraye ba ma za su tafi, a jikin mutane. Ku yi a hankali, kar ku cuɗa."

Suka yi a hankali. Ruwa mai launin toka ya bi kwata ya fita bayan katanga. Abin da ya rage a yadudduka inuwa ce kawai, sai ka matso ka ƙura ido za ka gane nan kifi ne, nan tauraro. Babu wanda ya yi kuka. Mai jirgin ƙasa ya ɗaga nasa ya duba ta gaba, ya duba ta baya, ya shanya.

Da yamma ya tarar da 'yarsa Indo tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ce babba, tana aure a Kawo, tun rasuwar take zuwa tana kwana biyu tana komawa, don kada gidan ya zauna ba mace.

"Indo, yadin nan da na kawo kwanaki, ke kika taɓa shi?"

"Ni ce, Baba. Na gan shi a kujera, sai na goge na ninke, yadda nake ganin Inna tana yi. Ko na ƙona wani wuri?"

"A'a."

"Na ma yayyafa masa ruwa don ya kwanta."

"Kin kyauta. Allah ya yi miki albarka."

Ta ci gaba da tankaɗe. Guga take gani tun tana yarinya, don da rana ake yi. Jiƙon kuwa tun da magariba Mero take yi, ta wanke da asuba kafin kowa ya tashi, ta shanya a bayan ɗaki. Malam Sanda ya zagaya bayan ɗakin girki. Ga babban bahon ƙarfe nan a kife, an ɗora masa dutse. Ya tsaya yana dubansa. Ya yi ƙoƙarin tuna ko da ruwan zafi take jiƙawa ko da na sanyi, ko tana sa sabulu, ko sau nawa take sauya ruwa. Bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba. Aka kira salla, ya ɗauki buta.

Washegari ya yi tunanin sake wani. Amma ko an sami yadi, sai an jiƙa, an wanke, ya bushe, an buga, ya sake bushewa, kuma tun safe ake yayyafi. Ya yi tunanin kwali, sai ya ga ba aikin da yaran suka yi ba ke nan. Ya sa aka goge yadudduka, aka rubuta sunan kowa a ƙaramar takarda aka maƙala da allura.

Ranar taro aka kafa rumfa a filin makaranta. Ya ɗaura igiya a gefen hanyar shiga, inda Hajiya ta ce, ya shanya su a jere, ya tsaya a ƙarshen igiyar da hannuwa a baya. Iyaye suka yi ta shigowa, maza da manyan riguna, mata da mayafai, suna neman kujera kafin ruwa ya sauko. Yawancinsu ba su juya ba. Wata mata ta tsaya ta shafa ɗaya ta tambayi ta kusa da ita ko tsofaffin labule ne aka wanke. Sadiya ta jawo mahaifinta ta nuna masa nata, ya sunkuya ya duba sunan, ya ce, "Madalla," ya duba agogo. Aka yi karatu, aka yi jawabai, aka raba kyaututtuka. Da aka tashi wasu yaran suka cire nasu suka cusa a jaka, wasu suka bar shi a igiya.

Hajiya Hasiya ba ta yi masa magana ran nan ba. Sai da aka kwana biyu, makaranta ta yi shiru, ta aika a kira shi. Ta nuna masa kujera, ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam Sanda, ni da idona na ga aikin nan a ɗakinka kafin taro. Ba haka yake ba. Me ya faru?"

"Ba a wanke yadin ba, Hajiya. Da sitatinsa aka buga."

"Wa ya kamata ya wanke?"

Ta san an yi masa rasuwa, har gida ta je da buhun shinkafa. Da ya ba ta labarin kujera da baho, mai yiwuwa ta ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi, don ba mace ce mai ƙeta ba.

"Ni," ya ce.

Ta dube shi, tana jiran ƙari.

"To," ta ce. "Na riga na yi wa iyaye alkawari a wurin taro. Ɗakin zan karɓa. Kai kuwa ba zan sake ka ba. Ka riƙa yi musu a baranda, ko ka bi su aji-aji da abin da hannu zai iya ɗauka. Rini dai ba zai yiwu ba, ba wurin shanya."

"Ba zai yiwu ba."

"Ba ka da abin cewa?"

"Allah ya saka da alheri, Hajiya."

Ta mayar da tabarau. "Masu haɗa wayar kwamfuta za su zo farkon mako. In da hali a kwashe kayan kafin nan. Abin da ba ka so ka bar wa maigadi."

Ya fito ya bi baranda har ƙarshe. Ya buɗe ɗakin, ya tura tagogin biyu. Dankalin da aka yi tambari da shi ya yanƙwane a cikin kwano, ya fara tsiro. Ya kwance igiyar ya naɗe ta a hannu, ya jera gwangwanaye a bakin ƙofa, manya a ƙasa ƙanana a sama, ya tattara duk burushin ya ɗaure da ƙyalle. Dogon teburin ne ya gagare shi. Ya kama gefe ɗaya ya ɗaga, ya ji ba na mutum ɗaya ba ne, kuma ko an fitar sai an sami abin ɗauka. Ya ajiye, ya kakkaɓe hannu a jikin riga, ya saya ƙofar, ya nufi bakin titi neman mai baro.